Yadda Gado Ya Tare a Saman Bene da Agwagwa

Gado mutumin Malumfashi ne, ɗan dillalin dabbobi, kuma a kara ya buɗe ido. Tun yana ƙarami an san shi da hali biyu: tausayin dabba, da jin rabin magana ya tashi da ita a guje. Mahaifinsa ya taɓa ce masa, "Gado, ka kwance jan ragon can," kafin ya ƙarasa da "in mai shi ya zo," tuni rago ya kama hanyar 'yan tumatir. Ranar rabin kasuwa ce ta bi shi.

Da ya girma bai gaji uban ba. Dillanci yana son mutumin da zai dubi akuya ido cikin ido ya miƙa wa mahauci igiyarta, shi kuwa Gado sai ya tsaya yana tambayar mahaucin ko ba zai bari sai ta yaye ɗanta ba. Sai ya koyi tuƙi, ya yi shekaru yana jigilar kaji da ƙwai tsakanin Funtuwa, Zariya da Kano. Ya auri Haulatu, mace mai sanyin rai wadda ko gobara aka ce ta tashi sai ta fara neman mayafinta, suka haifi 'ya'ya uku, babbarsu Basiratu.

A shekarar 2004, lokacin da Doha ke ta gine-gine ana shirin wasannin Asiya, wani ɗan unguwarsu ya samo masa aikin direba a can. Kafil ɗinsa, wato mutumin da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani dattijo ne ana ce masa Abu Hamad, mai kantin labule a unguwar Al Mirqab. Kantin shi ke ciyar da gida, amma zuciyar Abu Hamad tana izbarsa, gonar dabbobi da ke cikin rairayi bayan garin Al Wakrah. Duk abin da ya gani a kasuwa yana numfashi sai ya saya. Akwai tumakin Sudan, da awakin Sham masu kunnuwa har ƙasa, da kaji, zabi, talo-talo, tantabaru, agwagi, da wata taguwa mai baƙin hali, duk a garwaye suna sha a kwami ɗaya. Sai shaho, wanda shi kaɗai ke da ɗaki nasa na kansa, da labule da na'urar sanyi. Aikin Gado shi ne ya kai maigida kanti da safe, sannan ya loda dusa da ciyawa a a-kori-kura ya kai wa makiyayin izbar, wani ɗan Sudan marar yawan magana.

A unguwar Najma yake kwana, a ɗaki ɗaya da mutum biyu. Ghali matashi ne daga Gusau, mai gadin wani banki, mai son ƙamshi da tsoron ciwo. Ja'afar kuwa sa'an Gado ne, direban motar 'yan makaranta, Bahaɗeje, saboda haka tun ranar da ya ji Gado Bakatsine ne ya ɗauka Allah ya aiko masa abin wasa har ƙasar Larabawa.

Wata rana a ƙarshen 2005 taguwar nan ta taka wata agwagwa a bakin kwami ta karya mata ƙafa. Makiyayi ya zaro wuƙa don kada ta mutu a yi asara. Gado ya riƙe masa hannu. Ba su da yaren da za su yi gardama da shi, don haka gardamar ba ta yi tsawo ba. Gado ya sa agwagwa a kwali, ya ɗora a kujerar gaba, ya taho da ita Najma. Ya yi niyyar faɗa wa Abu Hamad, amma duk lokacin da ya harhaɗa Larabcin a ransa sai ya ga ya fi kama da ikirarin sata, sai ya ɗaga zuwa gobe.

Ya ɗaure mata ƙafa da tsinken tsire da bandeji, ya tura kwalin ƙarƙashin gadonsa. Irin agwagwar nan ce da ba ta kuka sai huci, don haka mai kula da gidan, wani mutumin Kerala, bai ji komai ba. Ghali ya ce shi ba zai kwana da dabba ba. Ja'afar ya ce a bar ta, ai ba kullum Bakatsine ke samun wanda hankalinsu ya zo ɗaya ba. Da ƙafa ta fara warkewa agwagwa ta fara ƙwai, sai maganar korarta ta mutu. Ghali ya koma yana kunna turaren wuta safe da yamma don ya danne warin, amma shi ke fara leƙa kwali.

Ana cikin haka, farkon 2006, rediyo ya kawo labarin murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya, ana ta kashe kaji a gonaki ana binnewa. Duniya duk ta ɗauka. Abu Hamad ya kasa zaune ya kasa tsaye saboda shahonsa. Ya aiki Gado wani asibitin dabbobi ya ɗauko ma'aikacin da zai je izba ya ɗebi samfur a gwada.

Gado na zaune a mota sai ga wani baƙin mutum da farar riga da akwatin sanyi a hannu. Ya buɗe ƙofa ya zauna, ya dubi hular Gado, ya ce, "Sannu da aiki, malam."

Gado ya kusa rungume shi. Sunansa Reuben, mutumin Pankshin, ma'aikacin ɗakin gwaji, ya yi karatu a makarantar lafiyar dabbobi ta Vom. Kafin su fita daga gari sun gama gaisuwar iyali da ta damina, sun zagi zafin Doha, sun yabi dankalin Jos. Sannan Gado ya tambayi abin da ke cin ransa.

"Likita, wai me ya sa duniya ta ruɗe haka? Ni na yi shekaru ina ɗaukar kaji. Kowace shekara akwai annobar da ke kwashe su, ba a taɓa faɗa a rediyo ba."

"Ni ba likita ba ne, Malam Gado, gwaji nake yi. Amma bari in gaya maka. Ƙwayar cutar mura ba dunƙule ɗaya ba ce. A cikinta akwai gutsattsari takwas, su ke ɗauke da tsarin yadda za ta haifi irinta. Ta tsuntsu tana da nata takwas, ta mutum tana da nata. Kowace tana harkarta. Matsalar ita ce ranar da iri biyu suka shiga jiki ɗaya a lokaci ɗaya, har suka haɗu a wuri ɗaya. Kowace sai ta zazzage kayanta ta fara hayayyafa. Wurin tattara kayan 'ya'yan ne ake samun musanye. Ku nawa ne a ɗakinku?"

"Mu uku."

"Igiyar shanya fa?"

"Ɗaya."

"To ka ce iska ta taso, kowa ya fita a guje ya kwaso wanki. Wani zai fito da rigar wannan da wandon wancan. Haka ake samun sabuwar ƙwaya, biyar daga nan, uku daga can. Jikin dabba ya san waccan, ya san wannan, amma wannan ta ukun baƙuwa ce, ba shi da shirin tarbarta. Kuma ba mura kaɗai ke yin haka ba. Akwai cututtukan tumaki da shanu masu irin wannan hali, har da wata mai sa harshen tunkiya ya yi shuɗi. Shi ya sa ba ma son ganin dabbobi daga ƙasashe daban-daban a cakuɗe wuri guda."

Gado ya tuna kwamin izba. Ya ce, "A cikin tsuntsaye wanne ya fi haɗari?"

"Kaza in ta kamu za ka gani, takan mutu nan da nan. Agwagwa ce munafuka. Tana iya ɗauke da cutar tana yawonta lafiya lau."

Gado ya gyara zama. "To a jikin wa ake haɗuwar nan?"

"Alade ya fi suna a kan haka. Amma ana samu a tsuntsaye, har ma mutum, in yana da mura kuma ya kwashi ta tsuntsu. Sai dai fa wannan abu ne mai matuƙar wuya, kuma sai in ita tsuntsuwar..."

Daidai nan suka iso shataletale, wata ƙatuwar jif ta taso musu ta baya tana walƙa fitila kamar za ta hau kansu. Gado ya kauce, Reuben ya rungume akwatinsa, aka yi ta sallallami kowa da irin nasa. Da hanya ta lafa hira ta koma kan tuƙin garin. Abin da ya rage a kan Gado shi ne kalma uku: agwagwa, mura, har mutum.

Ba a jima ba, wata safiyar Juma'a, ya tashi da nauyin kai da ƙaiƙayin maƙogwaro. Yana zaune bakin gado ya yi atishawa. Kafin ya gama hamdala, daga ƙarƙashin gadon aka mayar masa da wata ƙaramar atishawa. Ya sunkuya ya jawo kwali. Agwagwa ta dube shi, ta girgiza kai, ta sake yi.

Gado ya saki kwalin. Ya miƙe a hankali ya ce, "Jama'a, kowa ya matsa baya. Ghali, kada ka taɓa kofina."

Ja'afar na shan shayi, ya ce, "Lafiya?"

Gado ya yi musu bayani iya abin da ya riƙe. Ya ce yana da takwas, agwagwa tana da takwas, kuma yanzu haka sha shidan suna cikin ƙirjinsa suna musanyen riga da wando. In suka gama, abin da zai fito duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma daga ɗakin nan zai fara.

Ghali bai jira ƙarshe ba, ya ja rawani ya naɗe hanci da baki, ya manne da bango. Ja'afar ya ajiye kofi ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Duk faɗin duniya, da Sin da Turai, cuta ta rasa tukunyar da za ta dahu a ciki sai Bakatsine."

"Yi dariyarka. Kai kake ɗaukar 'ya'yan mutane kullum."

Wannan ta ɗan rage wa Ja'afar dariya. Ghali ya ce daga cikin rawani, "Yaya Gado, ka tafi asibiti mana."

"In je in shafa wa marasa lafiya? Izba kuma ba zan je ba. Inda ba kowa zan tafi."

Inda ba kowa a Najma wuri ɗaya ne, saman bene. Gado ya ɗauki bargo, da tabarma, da buta, da kwalin agwagwa, ya hau. Ya shimfiɗa tsakanin tankunan ruwa da farantan tauraron ɗan'adam, ya ja ƙofar matakala ya tokare ta da bulo. Iskar sanyi na kaɗawa daga teku. Ya yi sallar azahar shi kaɗai, yana jin huɗubar masallacin unguwa ta lasifika, ya ji kamar da shi ake.

Da la'asar ya kira gida.

"Haulatu, ki natsu ki saurare ni. In kin ji wani labari, babur ɗin nan ki ba ƙanena. Basiratu kuma kada a cire ta daga makaranta."

"Baban Basiratu, haɗari ka yi?"

"Mura nake yi."

Ta ce, "Mura."

"Ba irin wadda kika sani ba. Ta haɗu da ta agwagwa."

"Wace agwagwa kuma? Ba tuƙi ka ce kana yi ba?"

Ya fara mata bayanin takwas da takwas. Ta bar shi ya kai tsakiya, ta ce, "Ka samu citta da kanumfari da masoro ka dafa, ka matsa lemon tsami. Ka rufe ƙirjinka. Ita agwagwar in ta gaji da ciwon ku yanka ta, romonta ma magani ne. Ga Basiratu tana son gaishe ka."

Abinci ta taga ake aiko masa. Ja'afar ya ɗaura guga a igiya, Gado ya zuro ta daga sama, a zuba shinkafa da burodin kubus da shayin karak mai madara ya janye. Duk lokacin da guga zai hau, sai Ja'afar ya leƙo ya yi tambaya cikin muryar jaje.

"Ya jikin? Muryarka fa ta fara shaƙewa. Ba ka jin sha'awar shiga tankin nan?"

"Allah ya shirye ka."

"Amin. Amma duba tsakanin yatsun ƙafarka, ko fata ta fara haɗewa."

Gado ya yi tsaki ya ja gugansa. Da ya tabbata ba mai ganinsa, ya cire safa ya duba.

Washegari Abu Hamad ya gaji da jiran mota ya kira, yana tambayar inda Gado ya shiga. "Ya Gado, wen inta? Yalla."

Gado ya tattaro duk Larabcin da ya mallaka. Ya san ana shi ne ni, marid shi ne marar lafiya, batta ita ce agwagwa, sawa-sawa kuma tare. Ya ce, "Baba, ana marid. Batta marid. Ana, batta, sawa-sawa. Khalas."

Abin da Abu Hamad ya fahimta shi ne agwagin izba sun kamu, har sun shafa wa direba, kuma an gama. Dattijon da ya yi shekaru bai tuƙa kansa ba ya ɗauki motar ɗansa ya nufi Al Wakrah. Ya ɗauko shaho ya kawo gida, ya rasa inda ya yarda da shi, ya kafa masa turke a ɗakin barcinsa. Sannan ya kira Reuben yana magana kamar ana binsa.

Reuben ya ce masa gwajin da aka yi kwanan baya bai nuna komai ba, amma ya sake zuwa izba. Ya tarar da agwagi suna ta kiwo, ba wadda ko gashinta ya tashi. Makiyayi ne ya nuna masa da hannu cewa akwai wata mai karyayyar ƙafa da ta bi direba gari. Reuben ya dafe kai. Ya biya gida ya ɗauki matarsa Phoebe, ma'aikaciyar jinya ce kuma ranar tana hutu, suka nemi gidan a Najma.

Sun tarar da matakala cike da mutane. Labari ya zaga gidan cikin harsuna biyar. 'Yan Nepal da 'yan Bangladesh sun yi layi suna leƙe ta ramin ƙofa, mai kula da gidan yana ta faɗa da hannu biyu, Ghali na tsaye can ƙasa da rawaninsa yana ba da rahoto. Reuben ya sa takunkumi da safar hannu, ya ƙwanƙwasa.

"Malam Gado, buɗe. Reuben ne."

"Likita, koma. Kana da iyali."

"Iyalin ma ga ta nan tare da ni. Ɗauke bulon."

Suka same shi naɗe cikin bargo, hanci ya yi ja, agwagwa na kwance a gefensa cikin inuwar tanki. Phoebe ta tsuguna ta sa masa ma'aunin zafi a baki, ta haska maƙogwaronsa, ta saurari ƙirjinsa.

"Malam Gado, numfashi yana maka wuya?"

"A'a."

"Ciwon jiki? Zazzaɓi mai zafi?"

"Babu. Sai atishawa."

"Abinci fa, kana iya ci?"

Ja'afar ya amsa daga bakin ƙofa, "Madam, igiyar ce ma ta kusa tsinkewa."

Phoebe ta cire ma'aunin ta duba. Ta ce, "Mura ce irin ta kowa. Kana wanka da ruwan sanyi da safe?"

"Ina wanke mota, ina wanke kwanon agwagwa."

"To ka daina tsayawa cikin iska da jiƙaƙƙiyar riga. Kuma zaman nan da kake a sama shi zai mai da ita ciwon gaske."

Reuben kuwa ya kama agwagwa, ya goga mata auduga a maƙogwaro da ƙarƙashin wutsiya, ya sa a kwalba. Ya duba idonta da hancinta, ya shinshina gashinta, ya sake shinshinawa.

"Wa ke shafa mata turare?"

Aka juya aka dubi Ghali. Ya ce shi ba shafa mata yake ba, kasko yake ajiyewa kusa da kwalin, safe da yamma, kuma kwanan nan ya samu wani mai ƙarfi.

"Ko ni aka rufe a kwali aka yi mini hayaƙi haka zan yi atishawa," in ji Reuben. Ya juya ga Gado, ya sauke murya. "Ranar nan ban ƙarasa maka magana ba. Kafin a yi musanye sai in ita tsuntsuwar tana da cutar tun farko. Wannan daga garken da na gwada ta fito, kuma tun da ka kawo ta ba ta ga wani tsuntsu ba. Zan gwada ta duk da haka. Amma ka ji ni da kyau: tsoronka ya yi yawa, sai dai kwana da agwagwa a ƙarƙashin gado shi ne ainihin abin da muke roƙon mutane su bari. Ka yi daidai da ka nisanci mutane, ka yi kuskure da ka taho da ita."

Gado ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ƙafarta ce ta karye."

"Na gani. Ɗaurin ma ya yi kyau."

Gado ya sauko ɗaki, agwagwa ta zauna a sama har sakamako ya fito, kuma bai nuna komai ba. Mai kula da gidan ya ce ko ita ko su. Don haka Gado ya sa ta a kwali ya nufi kantin Al Mirqab, Reuben ya raka shi don ya yi tafinta.

Sun tarar da Abu Hamad zaune cikin labulensa, ido ya faɗa, ga yaƙushi a bayan hannu. Shaho bai bar shi ya runtsa ba, ya kuma ɓata shimfiɗa da kafet, har uwargida ta kwashe kayanta ta koma ɗakin 'yarta ta ce in tsuntsun ya tashi a sanar da ita. Reuben ya ba shi labari tun daga taguwa har zuwa guga. Abu Hamad ya saurara fuska a murtuƙe. Ya sa aka buɗe kwali, ya ɗaga agwagwa ya murza ƙafar da ta warke, ya ajiye ta a ƙasa. Ta yi taku uku tana ɗan ɗingishi, ta tsaya ta yi abin da agwagi ke yi a kan wani yadin labule da ya zubo ƙasa.

Dattijon ya dubi yadin, ya dubi Gado, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya share hawaye da gefen ƙyallen kansa. Ya yi doguwar magana, Reuben ya fassara.

"Ya ce mutumin da zai kwana a saman bene cikin sanyi don kada ya kai wa shahonsa ciwo, bai kamata a bar shi yana yawo a titi ba. Daga yau kai ne mai kula da izba. Zai nemi wani direban."

Gado bai tuna da shaho ba ko sau ɗaya a saman benen nan, amma ya ga ba lokacin gyara zance ba ne. Ya ce, "Shukran, Baba."

Haka ya koma bayan Al Wakrah da zama, aka ba shi ɗaki kusa da na makiyayi. Ya shiga aiki da duk ƙarfinsa. Ya sa aka ja waya aka raba agwagi da kaji, aka yi wa tsuntsaye wurin shan ruwa daban da na tumaki. Duk dabbar da Abu Hamad ya sayo sai ta yi zaman jira a wani keɓaɓɓen garke kafin ta shiga cikin sauran. Ya ajiye tire da ruwan magani a bakin ƙofa, kowa sai ya tsoma takalmi, har maigidan. Reuben ya zo ya gani ya ce madalla.

Da ya ji an yaba, sai ya ƙara. Ya raba zabi da talo-talo, ya raba fararen awaki da baƙaƙe, daga ƙarshe ya raba raguna da tumaki. Makiyayi ya zuba masa ido. Sai da lokacin haihuwa ya zo ya wuce ba a ji kukan ɗan rago ko ɗaya ba, Abu Hamad ya zo yana tambaya, makiyayi ya kama hannunsa ya kai shi ya nuna masa ragunan a tsaye a bakin waya suna kallon tsallake. Aka kira Reuben a waya ya yi wa Gado bayani a hankali cewa akwai haɗuwar da ba a hanawa.

Agwagwar ta rayu, ta ƙyanƙyashe 'ya'ya sau da yawa, ba wanda ya ƙara nuna mata wuƙa. Ja'afar da Ghali sukan zo ranar Juma'a su ci shinkafa da nama, su koma da ƙwai.

A 2009, da aka shiga maganar murar aladu, aka ce ƙwayar haɗin gambiza ce ta alade da tsuntsu da mutum, sai Hausawan Najma suka tuna suna da masani. In Gado ya shigo gari akan ba shi kujera a shagon shayi. Yakan yi gyaran murya ya jera kofuna a tebur, ya musanya murafensu, ya yi bayani. Gutsattsarin sun ƙaru a bakinsa sun kai sha biyu, kuma a yadda yake ba da labarin yanzu, shi da Reuben ne suka yi binciken tare. Reuben ya taɓa zama a bayansa ya saurara har ƙarshe. Da aka tambaye shi ko haka ne, ya ce rabin farko daidai ne.

Ƙarshen shekarar ya je hutu Malumfashi. Ya shiga gida ya tarar da kaji da awaki da 'yan tantabarun ɗansa duk a tsakar gida, suna sha a tsohon kwano ɗaya kusa da murhu. Bai ko huta ba, washegari ya sayo zana da itace, ya yini yana kafa shinge, ya raba tsakar gidan gida uku. Haulatu na tankaɗe tana kallonsa, ta miƙa masa ruwa sau biyu.

Kashegari da suka dawo daga gaishe-gaishen dangi da yamma, awaki sun cinye zanar har ta kai gwiwa, kaji sun bi ta ƙasa sun koma wurin kwanonsu. Gado ya tsaya riƙe da ƙugu. Haulatu ta wuce shi ta shiga ɗaki, ta ce in zai sake sayowa gobe ya sayo mai ɗanye-ɗanye, sun fi son ta.